Karsana ga Masunci

Mu a gidanmu ba mu iya cin kifi ba sai da muka zauna a Maiduguri. Kakanninmu makiyaya ne, nono suka sani, kuma kakata har ta koma ga Allah in ta ji warin banda sai ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce an shigo mata da ƙazantar ruwa. Mahaifinmu ne ya sayar da yawancin garken, ya sayi gida a Abbaganaram, ya koma dillancin shanu. Yayana ya gaje shi a kasuwa. Ni kuma da mijina ya rasu ya bar ni da yara, sai na buɗe ɗan shagon abinci a bakin titi, kuma ba abin da ya tsayar da shagon nan da ƙafarsa irin miyar busasshen kifi.

Kifin daga hannun mutum ɗaya nake saye. Wani dattijo ne daga wani ƙaramin tsibiri a cikin Tafkin Chadi, dogo, mara yawan magana, tafin hannunsa duk kantar igiya. Mutanensu suna da yarensu, ba Kanuri ba ne, ba kuma Larabcin Shuwa ba, Hausarsa kuwa a kasuwa ya tsince ta. Na san a tafkin akwai masu shanu, irin masu ƙaton ƙahon nan da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, amma mutanen ƙauyensu ba sa cikinsu. Su jirgi suka sani da koma da ƙugiya da banda, akuya ma ba kowa ke da ita ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min 'yata. Duk sanda hanya ta yi kyau zai zo da kwalayensa, ya ware min nawa kafin 'yan sari su yi masa caa.

Wata safiya a tsakiyar damina ina kankare tukunya sai na gan shi tsaye a ƙofar shago, hannu rabbana, ba kwali ba buhu.

Na gaishe shi da Kanuri na ce, "Wushe, Baba! Yau ina kifin nawa?"

Ya ce, "Kifi yana cikin ruwa, 'yata. Ni ne na fito."

Na ba shi benci da shayi, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce iska ce ta taso musu da la'asar, sama ta yi ja, ta koma baƙi ƙirin, sannan ruwa ya sauko da guguwa irin wadda tsofaffinsu ma ba su taɓa gani ba. Bukkoki sun tashi sama. Bandar kifi ta rushe da kifin a kai. Jiragen da ke ɗaure a bakin gaɓa kuwa iska ta riƙa gwara su da juna har suka farfashe, nasa ya tsage tun daga hanci har gindi. Ba ƙauyensu kaɗai ba, duk tsibiran da ke wannan ɓangaren haka abin ya yi musu, kuma ba wanda ya leƙa su, don wurin da nisa, waya ma ba ta kamawa.

Na tambaye shi abin da ya fi buƙata, ina tunanin zai ce hatsi ko tufafi. Ya ce katako da ƙusa da kwalta. Akwai kafinta a garin da ke bakin gaɓa mai haɗa jirgi. In ya samu jirgi kafin tafki ya cika kifi ya shigo, to bukka shi zai gina abarsa, abinci kuma ruwa zai ba su. In bai samu ba, yunwa za ta kore su daga tsibirin, kuma ba inda za su nufa sai sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan gari.

Ya ce, "Ƙanina ya shiga can shekarun baya, ya ce wata ɗaya zai yi. Har yau yana layin abinci. Ni ba na son jikokina su tashi a layi, 'yata."

A ranar na kai maganar wurin Yaya, kuma gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, bai yi sanya ba. Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka. Liman ya yi magana bayan Juma'a, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci mutane suna zubawa. Mata suka yi ta kawo zannuwa da tukwane, har wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zaninta a gabana ta juye min abin da ke ciki. 'Yan kasuwa Inyamurai na layin kayan gini suka haɗa nasu a cocinsu, suka aiko shugabansu da shi, wani mai shagon katako da muka daɗe muna gaisawa, wanda kowa ke kira Oga. Mutanen garin nan sun ga wahala iri-iri, sun san yadda take, shi ya sa hannunsu bai yi nauyi ba. Na yi alfahari da unguwarmu a satin nan, kuma har yau ina yi.

Sai aka kafa kwamiti. Daga nan ne abin ya lalace.

An yi zaman a GRA, a falon wani babban mutum da ya yi ritaya, mai kujeru irin waɗanda in ka zauna sai an jawo ka kafin ka tashi. Yawancin 'yan kwamitin dillalan shanu ne irin Yaya, 'ya'yan makiyaya da suka zama 'yan birni, masu manyan riguna da tumbi, waɗanda rabonsu da kwana a ruga tun suna yara. Yaya ne ciyaman. Ni an sa ni a matsayin wakiliyar mata, wato dai in kawo kunun aya in zauna kusa da ƙofa. Baba kuwa, wanda don shi aka taru, yana waje a kan bencin maigadi.

Yaya ya miƙe ya gyara hula, ya ce shi ya kwana yana tunani, ya ga bai kamata mu yi irin taimakon da kowa ke yi ba, a raba buhu a ɗauki hoto a watse. Ya ce mu muna da abin da iyayenmu suka bar mana, wato habbanaye.

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar makiyaya ce, kuma kyakkyawa ce, ni ma da ita aka raine ni. In masifa ta cinye wa mutum garke, ɗan'uwansa zai zaɓi karsana mai kyau daga cikin nasa ya damƙa masa aro. Zai kiwata ta, ya sha nononta, in ta haihu sau biyu ko uku 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita. Ba sadaka ba ce da za ta sa mutum sunkuyar da kai, amana ce tsakanin mutum da mutum. Yaya ya ba da labarin shekarar da fari ya share shanun mahaifinmu, da yadda karsanar wani kawunsa ta sake tayar da gidanmu. Wani tsoho a gefe ya share ido da hannun riga. Nan take kowane dillali ya ɗaga hannu ya ce ya ba da karsana ɗaya daga cikin nasa, kowane gida da iska ta rusa a kai masa ɗaya.

Ni kuwa tun ina jin jinina yana hawa har na kasa zama. Na ce, "Yaya, a gafarce ni, mutanen nan fa masunta ne. Jirgi suka rasa, ba garke ba."

Ya dube ni da irin kallon da yake min tun muna yara in na sa baki a maganar manya. Ya ce, "To, Hajiya, jirgi yana haihuwa ne?"

Falon ya kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa katako shekara kaɗan zai ruɓe, amma saniya arziki ce mai tafiya da ƙafarta. Wani kuma ya ce ai wannan dama ce ma ta fitar da bayin Allah daga wahalar ruwa, su san daɗin dukiya. Wahalar ruwa! Mutumin da ko rafin bayan gari bai taɓa tsallakawa ba, shi ne ya yanke cewa rayuwar da mutane suka gada kaka da kakanni wahala ce da za a cece su daga gare ta.

Oga ne kaɗai ya goya min baya. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya ce, "Alhaji, ni na yi magana da mutumin nan. Jirgi yana so. Katako yana shago na, ƙusa yana nan, kwalta zan nemo. Yadda na saya haka zan ba ku, kobo ba zan ci ba."

Sai na ji wani daga baya ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba, ya ce ai dama, ɗan kasuwa ko a gidan makoki sai ya baje kayansa. Oga ya ji. Fuskarsa ta canza, ya naɗe hannu a ƙirji har aka tashi. Mutumin da ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana roƙa wa mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, abin da ya samu ke nan.

Na ce to tunda mai abin yana waje, a kira shi a tambaye shi mana. Aka shigo da Baba. Ya cire takalmansa tun daga baranda, ya tsuguna a bakin kafet, sanyin na'ura yana kaɗa masa riga. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Baba, mun yanke shawara za mu ba ka saniya. Ko ba ka so?"

Don Allah wane talaka ne zai tsuguna a gaban jerin manyan riguna ya ce ba ya son saniya? Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka." Sannan ya ce a hankali, "Sai dai jirgin..." Amma kafin ya ƙarasa mai gidan ya riga ya ɗaga hannu an fara fatiha.

Da muka koma gida na bi Yaya har ɗakinsa muka yi ta. Na ce masa mahaifinmu da sanda a hannu aka haife shi, shi ya sa karsana ta tashe shi. Baba kuwa bai san ta inda ake kama saniya a tatsa ba. Na ce karsanar da ba ta ma ɗauki ciki ba, yaushe za ta haihu, yaushe za ta ba da nono, su kuma me za su ci kafin nan? Ya ce ni matsalata ke nan, tunda na fara sayar da kifi na manta asalina. Ya ce shi ba saniyar banza zai bayar ba, jar karsanar nan ce da ke wurin mai kiwonsa a Khaddamari, jikar shanun mahaifinmu, wadda ko nawa aka taya ba zai sayar ba. Ya faɗi haka idonsa ya ciko. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, da mugunta ce ta sa su da na san yadda zan yi da su. Da zuciya ɗaya suke yi, abin da suka fi ƙauna a duniya suka ɗauko, kuma ko sau ɗaya bai zo musu a rai ba cewa akwai mutumin da wannan abin ba zai yi masa amfani ba.

Shanun kyauta ne, amma kai su ba kyauta ba ne. Abin da liman ya tara, da na mai ƙosai, da na cocin su Oga, a nan ya tafi: hayar babbar mota, allurar dabbobi, buhunan dusa na hanya, rumfa da kujeru na ranar miƙawa. Ɗan abin da ya rage aka sayi gero da gidan sauro. Ni da Oga muka haɗa kai a gefe, ya ware katako daga shagonsa, ni na sayi ƙusa, muka ce ko rabin jirgi ne a fara. Ranar tafiya direba ya ce sam, katakon ya yi tsawo, kuma zai ji wa shanu ciwo in mota ta faɗa rami. Kwamiti ya goyi bayan direba. Yaran Oga suka mayar da katakon shago a kan kura, shi kuma ya tsaya yana girgiza kai.

An yi taron miƙawa a filin makarantar unguwa. An kawo wasu magidanta daga tsibiran, an jera su a rana, shanun kuma a inuwa. Da aka zo kan Baba, Yaya da kansa ya jawo jar karsanar, kyakkyawa da ita, gashinta yana sheƙi, ya ɗora masa igiyar a hannu, ya riƙe hannun da nasa biyu don masu ɗaukar hoto su samu. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Baba, wannan amana ce tsakanina da kai. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a bayar da ita. Ka riƙe ta kamar 'yarka."

Baba ya ce, "Na ji, Alhaji. Na karɓa."

Karsanar ta fizge kai, ya yi taga-taga kamar zai faɗi, mutane suka yi dariya suna tafi.

Kafin a loda su na ja shi bayan mota. Na ce, "Baba, ka saurare ni. Kasuwar farko da kuka tarar a hanya ka sayar da ita. Kuɗinta zai yi maka jirgi har da sabuwar koma. Yayana ne, ni na san yadda zan yi da shi. In ya tambaya ka ce ni na sa ka."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci ya saci tabarma. Ya ce, "A'a, 'yata. A gaban mutane ya ce amana. Na ce na karɓa."

Na ce, "To jirgin fa?"

Ya ce, "Allah yana nan."

Na tsaya ina kallon motar tana fita daga filin, shi a tsugune a baya tsakanin ƙafafun shanu, ya rungume igiya.

Daga nan shiru. Damina ta yi ƙarfi, hanya ta yanke, daga baya kuma aka ce ba lafiya a wannan ɓangaren, motoci sun daina zuwa. Na yi ta tambaya a tashar kifi, ba wanda ya gan shi. Na koma sayen kifi a hannun 'yan sari, rabi ƙwari sun cinye, masu cin abincina suna ta mita. Yaya kuwa duk baƙon da ya zo gidan sai ya nuna masa bidiyon ranar a waya, ya tsayar da shi daidai inda yake miƙa igiya. Har wasu unguwanni suka aiko suna tambayar yadda muka tsara abin don su ma su kwaikwaya. In na ji haka sai in yi tsaki in bar wurin, shi kuma ya ce da baƙin kada su damu, ƙanwarsa ce, haka take.

Sai da tafki ya cika har ya fara ja, lokacin kifi ya wuce, sannan Baba ya dawo. Da hantsi ne. Da farko ban gane shi ba, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yana ɗauke da wani naɗaɗɗen abu a ka cikin tsohon buhu. Na yi masa sannu da zuwa, na ce ya zauna in zuba masa abinci. Ya ce a'a, in fara kai shi wurin Alhaji.

Muka tarar da Yaya a ƙofar gida a kan darduma, yana shirin fita kasuwa. Ya washe baki ya ce, "A'a, Baba! Lale, lale! Yaya 'yar tawa? Ta yi ƙiba ko?"

Baba ya tsuguna, ya kwance buhun, ya warware abin da ke ciki a ƙasa. Ƙirgi ne, busasshiyar jar fata, an shanya ta da kyau, ga lambar gidanmu da aka yi da ƙarfe mai zafi a cinya. Ya juya wajen lambar ya fuskanci Yaya, ya ɗora yatsa a kai.

Ni na san ma'anar wannan. A wurin makiyaya, in dabbar da aka ba ka amana ta mutu, fatarta kake kawowa mai ita ya ga lamba, don kada a ce sayarwa ka yi. Baba bai san haka ba. Ya ce sai da ya je har wani tsibiri wurin masu shanun tafki ya tambaye su yadda ake yi in amana ta mutu a hannun mutum, su suka gaya masa.

Ya ba da labarin a hankali, kansa a ƙasa, kamar wanda ake yi wa shari'a. Ya ce da mota ta sauke su a bakin gaɓa, ba yadda za a yi saniya ta kai tsibiri sai an ja ta a ruwa a bayan jirgi, kuma mai jirgin da ya yarda ya yi aikin ya ce sai an biya shi. Komarsa guda ɗaya da iska ta bari, ita ya ba shi. Da suka isa, ƙudan ruwa masu cizo da sauro suka yi mata rubdugu, ba ta saba ba, ta ƙi ci ta ƙi kwanciya. Ya riƙa hura mata hayaƙi. Da hayaƙi bai isa ba ya ɗaura mata gidan sauron da kwamiti ya ba su, su suka kwana haka. Da kifi ya shigo, wani mai jirgi daga maƙwabta ya ce ya zo su yi aiki tare a raba, amma ya kasa tafiya, don matarsa tsoron saniyar take, ɗansa kuma ya riga ya tafi ƙwadago, ba mai yanko mata ciyawa. Duk da haka ta riƙa ramewa, cikinta ya kumbura, masu shanun tafki suka ce ciwon hanta ne, ciyawar ruwa ce ba ta karɓe ta ba.

Ya ce, "Da ta kwanta ta kasa tashi, mutane suka ce in yanka, ko yara su samu nama. Lokacin gero ya ƙare, Alhaji, ganye muke dafawa. Na ce a'a, mai ita ya ce ba a yankawa. Na zauna a wurinta har ta cika. Na feɗe fatar, naman muka binne."

Yaya ya zabura ya dafe kai. Ya ce, "Inna lillahi! Haba, Baba! Ai in ta kai ga mutuwa ana yankawa! Kowa ya san wannan!"

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, "Kowa wa, Yaya? Kowa a ina? Kai ka tsaya a gaban jama'a ka ɗaga murya ka ce ba a yankawa. Ka gaya masa sauran? Ko a cikin ruwa zai tsinci abin da kai ka sha a nono?"

Ya ce in yi masa shiru, maza suna magana. Ban yi ba. Na faɗi abin da ke raina tun ranar falon nan, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Baba ne ya ɗaga min hannu ya ce, "Ya isa, 'yata. Alhaji alheri ya yi. Ni ne ban iya ba." Wannan maganar ta fi komai yi min ciwo, don har ga Allah haka ya ɗauka.

Na tambaye shi sauran shanun fa. Ya ce wasu sun mutu kamar tasa, wasu masu su sun sayar a ɓoye tun a bakin gaɓa, kuma waɗannan su ne yanzu suke da jirgi. Na tambaye shi iyalinsa. Ya ce suna nan bayan gari. Sun shigo sansani tun satin da ya wuce, shi da matarsa da surukarsa da jikoki. An ba su wuri kusa da ƙaninsa.

Yaya ya daɗe yana kallon fatar, yana shafa jan gashin da tafin hannu. Na san mahaifinmu yake tunawa, kuma na san da gaske abin ya taɓa shi. Can ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama, ya yi irin muryar da yake yi in zai rufe ciniki.

Ya ce, "Ba komai, Baba. Haka Allah ya ƙaddara. Ka cika amana, na gani da idona. Na yafe maka, duniya da lahira."

Shi ne ya yafe.

Baba ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara arziki." Ya yunƙura zai tashi, sai ya sake tsugunawa, yana murza bakin buhun a hannu. Ya ce, "Alhaji, ban sani ba ko a al'adarku ya halatta. Tunda ka ga lambar, ko za ka bar min fatar? Inda aka ba mu ƙasa ce tsura, ba tabarma. Yaran a kan fatar nan suke kwana tun da muka zo."

Yaya ya gyaɗa kai. Baba ya naɗe ƙirgin a hankali, ya mayar cikin buhu, ya ɗaure, ya aza a ka, ya yi mana sallama ya kama hanyar bayan gari.